Ban da Tsallake

Daga ɗakin shan magani,
farkon damina.

Zuwa ga ƙanena Tsamau,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da mai ɗakinka da yara. Mu nan lafiya lau, sai gwiwar maigidana da ke tashi idan an yi ruwa. Na gaishe ka ne don kakanka da kakata ciki ɗaya suka fito, ba don raina yana so ba.

Shekaranjiya motar magani ta wuce ta ƙofar ɗakin nan. Ina tsaye da tsintsiya, na ɗaga mata hannu, direban ya ɗaga mini shi ma, ya ƙara wuta. Kwalayen maganin tsargiya ne cike da bayanta, na garuruwan da ke gaba da mu. Jiya kuma aka kawo mini takarda mai hatimi, wai binciken da ofishinku ya yi ya nuna yara biyar kacal cikin ɗari ne ke fitsarin jini a garinmu, kuma a ƙa'idarku sai sun kai goma ake raba wa kowane yaro magani. A ƙasan takardar na ga sa hannu. Na gane shi, domin ni na riƙe hannun nan ina koya masa jan baƙi.

Biyar cikin ɗari? A wane garin, Tsamau? Shekarata goma sha tara a ɗakin nan. Ka zo ka tsaya bakin rafi da hantsi, ka ga abin da yaran unguwar tsallaken rafin ke zubarwa a kan yashi. Autar mai kwale-kwale, shekararta tara, tun kaka ta daina zuwa makaranta. Tafin hannunta fari fat, in ta hau gaɓar rafi sai ta zauna ta huta sau biyu. Ƙwayar ƙarin jini nake ba ta, ita kaɗai gare ni. Maganin tsargiya kuwa rabon da in gan shi a kan kantata shekara biyu ke nan.

Ma'aikatan nan uku da ka turo, masu riguna iri ɗaya da akwatin kwalabe, kwana uku suka yi a nan. Ko yatsan ƙafarsu bai taɓa ruwan rafin ba. Na tambayi babbansu yaushe za su haye, ya duba takardarsa ya ce lamba ba ta kai su can ba. Na ɗauka akwai zagaye na biyu, na yi shiru. Ashe jiran banza nake.

Kai da aka haifa a tsallake! Kai da na tsamo daga rafin nan kana shekara shida, cikinka cike da ruwa, har sunan ya bi ka birni. Yau ka zauna a ƙarƙashin fanka ka share mutanenka da alƙalami ɗaya. Ina jiran amsa ta hannun direban motar kasuwa, kuma kada ka turo mini turancin ofis.

Yayarka.

*

Daga ofishin ƙididdiga,
bayan kwana takwas.

Yaya,

Na amsa gaisuwa, na gode. Muna lafiya, ƙaramar ce ta yi zazzaɓin haƙori amma ta warware. A gaishe da maigida, a ce ya rage hawan keke.

Na karanta wasiƙarki sau biyu. Na farko raina ya ɓaci, na biyu ya ƙara ɓaci. Tunda kin ce ba turanci, ga shi dalla-dalla.

Ba mu da kwalaben da za mu gwada fitsarin kowane yaro a garuruwa sama da ɗari, ba mu da mutanen. Saboda haka muke ɗibar kaɗan su tsaya a madadin saura. Amma wa zai ɗiba? In na bar wa ma'aikata zaɓi, gidajen bakin hanya za su shiga, masu inuwa, inda ake ba su kujera da ruwan sanyi. In na bar miki, gidajen da suka hana ki barci za ki kai su. Duk biyun ƙarya za su haifa. Shi ya sa ba mutum ke zaɓa ba, lamba ke zaɓa. Aka jera gidajen garinku daga ɗaya zuwa ɗari biyu da goma sha huɗu. Aka zuba lambobi ɗaya zuwa bakwai a hula, aka jawo guda, lamba uku ta fito. Daga gida na uku aka fara, sai na goma, sai na goma sha bakwai, haka har ƙarshe. Gida talatin da ɗaya, yara casa'in da biyu, biyar aka samu da cutar. Ban ƙara ba, ban rage ba. Ko miya ce, in an motsa ta da kyau, cokali ɗaya ya isa a san ko gishiri ya ji.

Ma'aikatana ba tsoron ruwa suke ba. Inda jerin ya nuna musu, nan suka je. Jerin kuwa wa ya rubuta shi? Ke, Yaya. Tun kafin a fara na aiko miki cewa ki jero mini duk gidajen gari, kika yi shafi shida da hannunki. A ƙasan shafin ƙarshe kuma kin rubuta: gida ɗari biyu da goma sha huɗu, har da tsallake. Na gani da idona kafin in miƙa wa mai buga takardu. In tsallake na ciki amma lamba ba ta faɗa can ba, to sai ki kai ƙarar hula.

Maganar share mutanena kuma ta yi mini zafi. Shekara goma sha ɗaya ina aikin nan, ban taɓa murɗe lamba don kowa ba, ba kuma zan fara don a ce ni ɗan halak ne ba. Ki aiko yarinyar babban asibiti in za ta iya tafiya.

Ƙanenki.

*

Daga ɗakin shan magani,
ranar da wasiƙarka ta iso.

Tsamau,

Muna lafiya. Ina fata kuna lafiya. Gaisuwar ke nan.

Har da? Ni na rubuta har da? Ban da na rubuta! BAN DA tsallake! Gida ɗari biyu da goma sha huɗu, ban da tsallake. Je ka ɗauko takardar ka sa tabarau.

Ka ce in jero maka gidajen gari, na jero maka gidajen gari. Tun yaushe tsallake ya zama gari a bakin mutanen nan? Mu ce za mu tsallake, su ce za su shiga gari. Kai kanka in uwarka ta aike ka sayen sabulu, ina kake cewa za ka? Duk da haka ban saki jiki ba. Lokacin rafi ya kawo, kwale-kwalen yana kife a gaɓa ana toshe shi, ba halin in haye in ƙirga. Sai na rubuta maka a ƙasa, don in kana son su ka ce. Ba ka ce ba. Na ɗauka ka karanta ka gane, tunda kai ne mai digiri.

Kuma kai da lissafi ne abincinka, ka bi sunayen masu gidaje ɗari biyu da goma sha huɗu, ba ka ga mai kwale-kwale ba, ba ka ga masunci ko ɗaya ba, ba ka ga maƙerin da ke maƙwabtaka da kangon ubanka ba, hankalinka bai ba ka komai ba? Ko ba ka karanta sunayen ba ne, lambobin gefe kawai ka kalla?

Ka kawo mini zancen miya. To, ni ma ina girki. Tukunya biyu ce a kan murhu, ka motsa ɗaya ka ɗanɗana, ka rufe ɗayar ko leƙa ta ba ka yi ba, ka fito kana shaida wa mutane gishiri ya ji. Gari rijiya muke sha, ga famfo biyu. Tsallake a rafi suke wanka, a rafi suke wanki, a rafi yaransu ke wuni. Ina suka haɗu da za ka auna su da cokali ɗaya?

Babban asibiti kuma, sannu da shawara. In kai Auta, sauran fa? A wace mota zan loda yaran unguwa guda?

Gyara abin da ka ɓata. Motar nan za ta dawo zagayen ƙarshe bayan girbi, in ta sake ɗaga mini hannu ta wuce, kada ka ƙara kirana Yaya.

Yayarka, zuwa yanzu.

*

Daga ɗakin shan magani,
bayan sati uku.

Malamin ƙididdiga,

Ina fata lafiya ce ta sa ka shiru. Mu ba duka muke lafiya ba.

Sati uku ba ko layi ɗaya. Na gane. Idan aka kama babban ma'aikaci da kuskure, kunnen uwar shegu yake yi har maganar ta mutu. Ba za ta mutu ba, domin ni ban mutu ba.

Ranar Talata mai kwale-kwale ya ɗauko Auta a kafaɗa, ta faɗi a bakin murhu. Ya shimfiɗe ta a kan bencina ya ce, "Malama, an ce an zo an gwada, an ce lafiyarmu lau. To wannan mene ne?" Na duƙa ina duba yarinyar. Ya ce, "Ba ɗan gidan marigayi ba ne ke riƙe da takardun? Ko ya manta hanya?" Na ce masa ban sani ba. Karo na farko ke nan da aka tambaye ni kai na ji kunya.

In ba ka da amsa, ka aiko mini sunan wanda ke sama da kai. Rubutuna ba kyau, amma zan sami mai karanta shi.

*

Daga ofishin ƙididdiga,
tsakiyar damina.

Yaya,

Muna lafiya. Ya jikin Auta? Allah ya ba ta sauƙi.

Wasiƙunki biyu yau suka iso tare, a jiƙe, ɗaure da roba ɗaya. Ruwa ya cinye hanya a wajen gada, motar kasuwa ta yi kwana goma sha tara ba ta fito ba. Kin zauna kina yanke mini hukunci a kan shirun da ban yi ba. Wannan kuma halinki ne tun muna yara, kin fi son ki yi duka sannan ki tambaya.

Na sauka ɗakin ajiya na ɗauko fayil ɗin. Na buɗe shafi na shida a kan teburina, na sa tabarau kamar yadda kika ce. Yaya, wallahi har yanzu in na kalla sau ɗaya har da nake gani, in na sake kallo in ga ban da. Baƙin farko kin bar cikinsa a buɗe, na ƙarshe kin ja masa wutsiya. Na kai wa mutum huɗu ban gaya musu komai ba. Uku suka ce har da. Mai buga takardu, wadda ta shekara ashirin tana fama da rubutun mutane, ta kalla ta ce, "Ban da ne mana, ranka ya daɗe. Ai na gani tun lokacin, na ɗauka ka sani." Na koma ofis na rufe ƙofa, na daɗe ban iya ɗaga kai ba.

Amma ba zan ɗauki kayan nan ni kaɗai ba. Maganar da ran yara ke rataye a kanta, ki cusa ta a ƙasan shafi da tafiyar tsutsa, kalma uku, ko layi ba ki ja a ƙarƙashi ba? Me ya hana ki rubuto wasiƙa guda ki ce, Tsamau, akwai unguwa sukutum da ban ƙirga ba? Ma'aikatana suka yi kwana uku a gabanki, aka ce miki lamba ba ta kai can ba, kika yi shiru. Ke da ba kya shiru a kan komai!

Sunayen kuma gaskiyarki ce. Ban karanta su ba. Lambobin na kalla, na ga sun cika, na wuce. Na bar tsallake ina shekara goma sha biyu, a takardunmu kuwa gari yana nufin duk abin da ke cikin da'irar da aka zana a taswira. Na manta cewa a bakinku rafi ne iyaka. A bakinmu, ya kamata in ce.

Na shiga wajen shugabanmu. Ya ce rahoto ya fita, an buga, an raba, ba a tayar da abin da aka binne. Ban gama da shi ba. Ki haye ki jero mini gidajen tsallake, kowane ɗaya, har bukkar da ke ƙarshen gonaki. Da manyan baƙaƙe, don girman Allah.

Ƙanenki, ko kin so ko kin ƙi.

*

Daga ɗakin shan magani,
bayan kwana shida.

Tsamau,

Mun gode da gaisuwa. Auta ta tashi, tana zama, amma fitsarin yana nan yadda yake. Gwiwar maigida kuma ta samu abokiya, tawa ce.

Ga jerinka. Kwana biyu na yi ina taka laka, na rufe ɗakin magani har mata suka yi ta mita. Gida sittin da uku. Kangon ubanka ban sa shi ba, awaki ne kawai a ciki. Kowane suna na zana shi da manyan baƙaƙe kamar 'yar aji ɗaya, don kada wani mai digiri ya sake tuntuɓe.

Kalma uku a ƙasan shafi, na karɓa. Da na ja layi. Na faɗa sau ɗaya, kada ka sa ran na biyu.

Yanzu ka saurara. Za ka ga na sa jan ɗigo a gefen gida goma sha biyar. Waɗannan na shiga, na ga yaran da idona, na ga tsummokaran da uwayensu ke ɓoyewa. Na goma sha bakwai shi ne gidan mai kwale-kwale. In shugabanku ya ba ka mai gwaji ko na wuni ɗaya ne, ka turo shi waɗannan gidajen kai tsaye. Kowace kwalba za ta fito ja, magana ta ƙare. Kada ka kawo mini zancen hula. Hular nan ta riga ta cuce mu sau ɗaya.

Yayarka.

*

Daga ofishin ƙididdiga,
bayan sati biyu.

Yaya,

Lafiya muke. A shafa wa gwiwoyin biyu man zafi.

Jerin ya iso, ya karantu. Jajayen ɗigon nan kuwa na sake kwafe jerin da hannuna don kada kowa a ofishin nan ya gan su. Kin san abin da kika so ki jawo? Da shugabanmu ya gani, da ya samu abin da yake nema. Zai ce ma'aikaciyar garin 'yar uwarsa ce, ta tsince marasa lafiya ta jera masa, lambar ba ta da daraja. Kuma da ya yi gaskiya! In kin kai mai gwaji gida goma sha biyar na marasa lafiya, abin da za ki tabbatar shi ne marasa lafiya ba su da lafiya. Wannan ko akuyar kangon babana ta sani. Abin da ake tambaya shi ne, nawa ne cikin nawa. Hula ba ta cuce ku ba, Yaya. Abin da aka zuba mata ta bayar. Ni da ke ne muka hana gida sittin da uku shiga cikinta.

Ga inda aka tsaya. Shugaba ya ce ba zai buɗe rahoto ba sai an rubuta masa wanda ya yi kuskure, da suna, da sa hannu. Na rubuta. Na ce ni na karanta ba daidai ba, ban kuma bi sunaye ba. Ban ambaci rubutunki ba. An cire ni daga jagorancin binciken baɗi, an ba wani da na koya wa aiki, teburina ma an mayar da shi kusa da ƙofa inda ake ajiye laima. Ba na gaya miki don ki ji tausayina ba. Na gaya miki ne don ki san abin da na biya kafin ki taɓa takardun nan.

An ba ni mai gwaji ɗaya, kwana biyu. A gari an ɗauki gida ɗaya cikin bakwai, a tsallake ma haka za a yi, gida tara ke nan. Ki yanka takardu sittin da uku, girmansu ɗaya, ki rubuta lambobi, ki naɗe su iri ɗaya. Ki zuba a kwano mai zurfi a gaban mutane, a gaban mai gwaji. Wanda bai iya karatu ba shi zai sa hannu. Abin da ya fito ya fito. In gida ya fito yaransa garau, a shiga. In an tarar ba kowa, a koma, kada a ce bari a leƙa maƙwabta. Duk yaron da ke gidan a gwada shi, ba wanda ke kwance kaɗai ba.

Ba zan yi miki alkawarin abin da za a samu ba. Amma in kika sa yatsa a kwanon nan, ni zan fara faɗa, ko da kuwa motar za ta wuce ku shekara goma.

Ƙanenki.

*

Daga ɗakin shan magani,
ƙarshen damina.

Tsamau,

Muna lafiya, da fatan kuna lafiya. Ka gaida teburinka da laimominsa.

An yi. Kuma ka sani ban yafe maka safiyar nan ba.

A gindin babbar bishiyar bakin rafi aka taru, maza a tsaye, mata a bayansu da goyo. Na kawo kwanon da nake wanke almakashi. Tsohuwar nan mai saƙar tabarma, wadda idonta ya yi rauni, ita aka ce ta jawo. Ta ce, "Ni da ko fuskar jikana ba na gani sosai, ni za a sa?" Mai gwaji ya ce ai shi ya sa.

Bari in gaya maka abin da ba wanda ya sani. Takarda ta goma sha bakwai ba ta cikin kwanon lokacin da na ajiye shi. Tana cikin tafin hannuna, gumi ya jiƙa ta. Niyyata in tsohuwar ta miƙo mini ɗaya, in musanya. Ba wanda zai gani. Mai kwale-kwale yana tsaye daf da ni, Auta na jingine da ƙafarsa. Sai na tuna mutumin da ke zaune kusa da ƙofa saboda baƙi biyu da na ƙi rufewa. Na zage ka a zuciyata zagi mai kyau, sannan na ce a dakata, ɗaya ta maƙale mini. Na jefa ta, na girgiza kwanon har hannuna ya gaji.

Tara suka fito. Cikin masu jan ɗigona biyu kacal. Goma sha bakwai ba ta fito ba. Na arba'in ya fito, gidan tela, wanda yaransa ke da takalma da ƙiba, har wani ya yi tsaki. Mai kwale-kwale ya dube ni ya ce, "Malama, wannan karon ma ban da mu?" Na ce masa, "A'a. Wannan karon kana cikin kwanon, hannu ne bai same ka ba." Ya ce bai ga bambanci ba. Ya ɗauki 'yarsa ya tafi, ko sallama babu. Amma shi ya yi ta haye da mai gwaji kwana biyun nan.

Yara ashirin da tara aka gwada. Mai gwaji ya kafa madubinsa na duba ƙwayoyin cuta a kan bencina, ni ina riƙe masa littafi. Ashirin da ɗaya ke da cutar, Tsamau. Har da uku daga cikin huɗu na gidan tela, waɗanda da ni ce mai zaɓa ko ƙofarsu ba zan kalla ba. Na zauna a kan kujera na yi kuka, na haushi ne ko na mene ne ban sani ba. Shekara goma sha tara ina cewa na san tsallake kamar tafin hannuna, ashe gida goma sha biyar na sani.

Sakamakon yana hannun mai gwaji, a rufe. Saura kai. An fara yankan hatsi.

Yayarka.

*

Daga kusa da ƙofa,
bayan kwana goma.

Yaya,

Lafiya lau. Laimomi suna amsawa.

Biyar da ashirin da ɗaya, ashirin da shida. Casa'in da biyu da ashirin da tara, ɗari da ashirin da ɗaya. Ya haura ashirin cikin ɗari. Shugaba ya juya takardar gaba da baya yana neman inda aka sa hannu a kwano, ya kira mai gwaji ya yi masa tambayoyi kusan awa guda, bai samu ba. Ya sa hannu yana ɓata rai.

Ga kwafin umarnin rabo na haɗo miki. Layi na huɗu ni na tsaya a kan mai buga takardu har ta buga shi.

Zagin da kika yi mini a zuciya ya iso, na karɓa.

Tsamau.

*

Daga ɗakin shan magani,
bayan girbi.

Ƙanena,

Gaisuwa mai yawa, wannan karon da raina. Muna lafiya. A shafa mini kan yara.

Motar ta zo ranar Laraba. Na tsaya a tsakiyar hanya, ba a gefe ba, don kada direban ya yi sha'awar ɗaga hannu. Ya sauke kwali goma sha ɗaya.

Kada ka ɗauka na huce gaba ɗaya. Wata biyar yaran nan suka ƙara suna zubar da jini saboda ni da kai, wannan ba takardar da za ta goge shi. Auta ta rasa shekarar karatu guda. Kai ka rasa kujerarka. Kuma har gobe ina nan a kan bakana, mutumin da ya sha ruwan rafin nan har ya kusa tafiya bai kamata a tuna masa akwai mutane a bayansa ba.

Jiya muka haye da kwali huɗu. Kafin ya kwance igiya, mai kwale-kwale ya ce shi fa ya gaji da jin an ce, a nuna masa inda aka rubuta. Na ciro takardarka na nuna masa layi na huɗu. Ya ce ai bai iya karatu ba, ya miƙa wa Auta da ke zaune a kan kwali. Ta sa yatsa, ta bi baƙaƙen ɗaya bayan ɗaya, a hankali, don ta kwana biyu ba ta ga allo ba.

Ta ce, "Har da tsallake."

Uban ya ce, "Sake dubawa da kyau. Mutanen nan ba su iya karatu ba."

Ta sake dubawa. Ta ce, "Har da, Baba."

Sannan ya tura kwale-kwalen cikin ruwa. Ita ta fara haɗiyar maganin, ta ɓata fuska ta ce da ɗaci.

YAYARKA.